Injin da Na Ƙera wa Tankin Mahaifiyata

Shekarun baya, tun jirgin ƙasa na da sauran kuzari a Kafanchan, na taɓa ƙera wa mahaifiyata wani inji. Da yawa cikinku kun san ni da wannan sana'a ta haɗa na'urorin awon mai da ruwa, har wasu kan tambaye ni wanne ne na fara yi. Kullum sai in yi dariya in shiga wata magana. Yau dai zan faɗa, don na gaji da kauce-kauce.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, kananzir take sayarwa. Ta kama sana'ar ne bayan rasuwar mahaifinmu, ina ɗan firamare. Tanki ne baƙi na ƙarfe mai cin duro biyu, an ɗora shi kan bulo a ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gidanmu, ba nisa da layin dogo. Akwai ɗan famfo a gindinsa, da mazurari, da kujera 'yar tsuguno. Iyakar kayan aikin ke nan. Da wannan tankin ta aurar da yayata, da shi kuma ta kai ni makarantar koyon sana'a ta kwana, inda na yi shekara uku ina koyon aikin lantarki.

Gidanmu tsofaffin 'yan kasuwa ne a garin, don haka kowa ya san rumfar. Matan ma'aikatan jirgi suna zuwa, matan Kagoro suna zuwa, ranar kasuwa kuwa har daga ƙauyukan Fadan Kaje ake tahowa da kwalabe cikin kwando. Bayan tashin hankalin nan da aka yi a garin, wanda har yau ba na son tuna shi, mutane da yawa sun daina gaisawa a hanya, amma rumfar Inna ba ta taɓa rasa mutane ba. Takan ce fitila ba ta tambayar addinin mai kunna ta.

Abin da ya sa ake son ta, ba ta tsare wa mutum irin kwalbar da zai kawo. Wata ta zo da ta lemo, wata ta maganin tari, wata ma fitilar ce ɗungurungum za ta miƙo. Inna za ta karɓa, ta kafa mazurari, ta murɗa famfo, ta ɗan karkata kai gefe, sai ta rufe daidai lokacin da kananzir ya kai wuya. Ko ɗigo ba ya zuba. Da safe kuma takan ƙwanƙwasa tankin da bayan yatsa, daga sama zuwa ƙasa, ta ce, “Saura na kwana huɗu, a je a gaya wa dillali.” Kuma kwana huɗun ne.

Akwai wata al'ada a rumfar da na tarar bayan na dawo daga makaranta. Da zarar Inna ta ɗora hannu kan famfo, sai hira ta tsaya cak. Matan da za su iya tsayar da kasuwa da surutu, sai ka ji tsit. Ko jinjiri ne ya soma kuka, nan da nan uwarsa za ta sa masa nono. In jirgi ya yi kuka daga tasha, Inna takan rufe famfo ta jira ya gama. Ni kuwa in na ƙure rediyo a zaure, sai in ji, “Auta, kashe mini wannan abin naka, ina aiki.” Na ɗauka kwarjini ne da faɗan tsufa. Ban ƙara tunani a kai ba.

A lokacin ba ni da aikin yi. Ina gyaran rediyo a zaure, ranar da aka kawo ɗaya a yi godiya. Amma fa a raina ni injiniya ne, duk da cewa a faɗin Kafanchan mutum biyu ne kawai suka yarda da hakan: ni da abokina. Shi wannan abokin nawa, aikin jirgi ne ya kawo mahaifinsa daga ƙasar Ibo, a nan aka haife shi, tare muka yi makaranta. Hannunsa ya fi nawa iya like waya, ni kuma bakina ya fi nasa iya cika baki, sai muka dace.

Wata rana da hantsi, ina zaune a zaure, Inna na cika wa wata mata fitila, sai ga wata babbar mota cike da buhunan citta ta shigo layinmu, direban ya danna hon kamar zai tsaga gari. Kafin ka ce kwabo kananzir ya tumbatsa, ya jiƙa mata zane da ƙafafu, ya kama gangara ya nufi murhun mai gasa masara da ke gefenmu. Da gudu na ɗebo ƙasa na tare shi. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce hannunta ne ya kuɓuce.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ce tsufa ya zo, hannu ya fara gardama, wata rana wuta ce za ta tashi. Na ce wa abokina zan yi wa Inna injin da zai auna da kansa, ya zuba da kansa, ya tsaya da kansa, ita nata kawai ta danna. Zan yi ƙarya in na ce tausayi ne kaɗai ya tura ni. Akwai tausayin, amma akwai kuma son a ce ɗan mai kananzir ya yi abin da ba a taɓa gani ba.

Wata huɗu muka yi a kansa. Muka je wurin masu kwance tsofaffin motoci muka samo abin nan da ke yawo a cikin tankin mota yana nuna yawan mai, da ɗan famfon mai da ke aiki da batir. Na tattara kayan cikin matattun rediyoyi na haɗa wani ɗan allo mai ƙirga daƙiƙa, ya kunna famfon, in lokaci ya cika ya kashe shi. Da ruwa muka riƙa gwadawa. Ranar farko ya kama zuba ya ƙi tsayawa, sai da na yi wanka da kayana a jiki kafin abokina ya fizge wayar batir. Ranar da ta biyo, ya tsaya tun bai fara ba. Haka muka yi ta fama, dalma na ƙona mu, maƙwabta na leƙowa suna tambaya ko jirgin sama ne bai tashi ba har yanzu.

Daga ƙarshe ya zauna. Akwati ne na katako mai maɓalli uku: na ƙaramar kwalba, na babba, na galan. A gefensa na jera ƙwan fitila uku. Kore, tanki na da kaya. Ruwan ɗorawa, a aika wa dillali. Ja, ya ƙare. Na juya fitilun ta ɓangaren bango, daidai inda kujerar Inna take, don kada hasken rana ya dushe su, mai zama kaɗai ke ganin su. Da yake kuma Inna ba ta yi boko ba, ban rubuta komai ba, sai na shafa wa kowane maɓalli fenti kalarsa daban. Wannan dabara ta yi mini daɗi ƙwarai. Na yi ta ba mutane labarin yadda na yi tunanin uwata.

Abokina ne ya ce mini, da irin Hausar garinmu da ba ta raba mace da namiji, “Kai, ka tambayi Mama ko yana so?”

Na ce, “Wa ke tambayar mai ƙishi ko yana son ruwa?”

Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da like wayarsa.

Ranar da muka ɗaura, sai da na kwance tsohon famfon na sa tiyo a gurbinsa. Na ce, “Inna, daga yau an daina ƙwanƙwasa tanki, don yana girgiza abin da ke ciki. Fitila za ta gaya miki komai.” Ta sa tafin hannu ta shafa akwatin tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar mai taya yadi. Na danna mata ta ji yadda yake. Famfon ya kama tak-tak-tak-tak da ƙarfi, kwanon rumfa na amsawa.

Ta ce, “Ya yi kyau. Allah ya yi maka albarka.” Can kuma ta ce, “Ba a iya rage masa ƙarar nan?”

Na ce, “Haba Inna, ai ƙarar ce ke nuna yana aiki.”

Ta ce, “To. Ba ni tsohon famfon in ajiye.” Na miƙa mata, ta ƙulle shi a bakin mayafinta.

Labari ya bazu. Yara suka riƙa taruwa kallo, manya na zuwa da kwalba ko ba su bukata. Direbobin tasha suka fara ce mini injiniya, wannan karon ba da zolaya ba. Kaina ya kumbura har hula ta kusa ƙin shiga.

Bayan kwana biyu na tarar an ɗaura zare a jikin maɓallin tsakiya. Na ce yaran nan sun fara, na sa reza na yanke. Washegari na sake ganin wani, na sake yankewa. Rana ta uku ƙaro na tarar an manna. Na kankare shi, na ce, “Inna, ki riƙa hana yara taɓa mini aiki, suna ɓata masa kyau.” Ta ce, “To, Auta.” Ba a sake ba.

Sai abubuwa suka riƙa canzawa ina gani, ina ba kowanne fassarar da ta yi mini daɗi. Matan suka koma danna maɓallin da kansu, suna cewa, “Mama, zauna, bari na taimake ka.” Na ce marmarin sabon abu ne. Masu kwalabe barkatai suka fara samun ragi ko ambaliya, tunda inji bai san kwalbar maganin tari ba. Na ce laifinsu ne, su nemo kwalba ta ƙwarai. Shirun nan na rumfa ya ɓace, kowa na ɗaga murya don ta fi ta famfo. Inna ta rage magana, ta rage cin abinci, kullum tana cewa in zo in zauna kusa da ita. Na ce hutu ne bai karɓe ta ba tukuna.

Ana saura kwana biyar Kirsimeti, shugaban wata makarantar mishan a Kagoro ya aiko a kira ni. Suna da tankin ruwa a can sama, kullum sai an hau tsani a leƙa, yana so in duba ko zan yi musu irin nawa. Aikina na farko ke nan na gaske. Da zan tafi na ce, “Inna, ki riƙa duba fitila. In ta koma ruwan ɗorawa ki aika wa dillali.” Ta ce, “To. Allah ya kiyaye hanya.”

Kwana huɗu na yi ina auna tanki da tsayi. Da na gama, shugaban ya ce zai kawo ni gida a kan babur ɗinsa, ya ga injin da idonsa kafin ya amince. Ranar kasuwa ce, kuma ta jajiberin biki, lokacin da kowa ke cika fitila da risho. Tun daga nesa na hango cincirindon mata a rumfarmu, na ji daɗi, na ce yau baƙo zai ga aiki.

Muna isa na ji famfon na ta tak-tak, amma kumfa kawai tiyo ke tofarwa. Inna na jin muryata ta ce, “Yauwa, ga shi nan. Auta, injin nan naka ya lalace tun safe. Akwai kaya a tanki, ya ƙi fitarwa.”

A gaban baƙona. Kunya ta rufe ni, ta juye ta zama fushi. Na zagaya na leƙa gefen akwatin, sai ga jar fitila na ci ɓaro-ɓaro. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, musamman shugaban makaranta, na ce, “Babu abin da ya lalace! Tanki ne ya ƙare. Inna, ga jar fitila nan a gabanki, kafin ita ma ai mai ruwan ɗorawa ta yi kwana biyu tana ci. Ba ki gani ba ne?”

Ta ce, “Ina?”

Na ce, “Ga ta nan mana!” Na nuna da yatsa.

Ta juya fuskarta, amma ba inda nake nunawa ba. Bango ta fuskanta, kusan taki guda daga akwatin. Ta miƙa hannu tana lalube a iska, har yatsunta suka sami katakon, suka bi gefensa, suka tsaya kan ƙwan da ya yi zafi. Ta ce a hankali, “Wannan ce ja?”

Akwai wata dattijuwa daga Fadan Kaje da ta daɗe tana saye a wurin Inna, mijinta ya rasu, takan kawo itace kasuwa. Kwalbarta ƙarama ce mai ɓallen baki, tana toshe ta da totuwar masara. Ita ce ta tako ta tsaya tsakanina da Inna, ta ce, “Kai, ya isa. Ka rufe baki. Mama ba ya gani. Ya kai shekara biyu. Mu duka mun sani.”

Na dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta yi mamaki. Kowacce ta sunkuyar da kai.

Na ce, “To don me ba wanda ya gaya mini?”

Ta ce, “Shi ya ce kada mu gaya. Kuma kai da kake kwana gida ɗaya da shi, mu ne za mu gaya maka? Da kunne yake awo, ɗana. Shi ya sa muna shiru.”

Komai ya dawo mini lokaci guda: karkata kan nan, jiran jirgi ya wuce, rediyona, motar citta, zaren da na yanke har sau biyu. Na tuna ta daɗe ba ta zura zare a allura ba, kuma ba ta gaida mai shigowa sai ya fara magana. Gidan da ta yi shekara talatin a ciki ba ya bukatar ido, haka ma tankinta. Da kunne take jin kwalba na cika, da kunne take jin inda kananzir ya tsaya a tanki. Ni kuma na zo na cire mata famfo, na hana ta ƙwanƙwasawa, na cika mata kunne da ƙara, na ba ta fitila da fenti. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ban ma san lokacin da shugaban makarantar ya tura babur ɗinsa ya tafi ba.

Bayan la'asar na same ta a ɗaki, na durƙusa a gabanta. Ita ce ta fara magana. Ta ce har yanzu tana ganin inuwa-inuwa in rana ta take, amma kala da fuska sun daɗe da tafiya. Ta ce, “Na san ranar da kuka sani, ranar za ku zaunar da ni. Ni kuwa ban iya zama ba.”

Na ce, “Inna, me ya sa kika bar ni na cire famfon?”

Ta ce, “Na ji muryarka ranar. Tun da ka gama makaranta ban ji ka da irin wannan muryar ba. Sai in kashe ta?”

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ta dafa kaina ta ce abu ɗaya take roƙo, kada in gaya wa yayata. Na yi mata alkawari.

Ban cika mako ba na karya shi. Na ce wa kaina ko asibiti zai iya wani abu, na ce wa kaina wuta nake tsoro, kuma duka gaskiya ne. Amma akwai ta uku da ban faɗa wa kaina ba sai daga baya: nauyin ya fi ƙarfina, ina neman wanda zan sauke wa. Na hau mota na tafi Mararaban Rido inda Yaya ke aure, na zayyana mata komai.

Washegari ta zo da mijinta suka tafi da Inna asibiti a Kaduna. Likita ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce, jijiyar idon ce ta mutu, da an zo da wuri da an tsare sauran. Yaya ta ce, “Makanta da kananzir? Sai dai bayan raina.” Ta riƙe ta a can. Inna ba ta taɓa yi mini maganar alkawarin ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na dawo na zauna a kujerarta ina tsare rumfa, ina zuba wa mutane da tiyo, don kada matan su watse kafin ta dawo. Na sa a raina sai na dawo da ita. Ni da abokina muka wargaza injin muka sake sabo. Muka jefar da famfon batir, kananzir ya riƙa gangarowa da kansa ba ƙara. Muka cire fitilun muka sa lasifikar rediyo, in tanki ya yi ƙasa ta yi ɗan kuka. Muka yi faranti a ƙarƙashi, in wani abu ya zuba ya taru a ciki, hanyar ta rufe kanta. Ba don Inna na yi wannan ba, na riga na san ita ba ta bukatar ko ɗaya. Don Yaya na yi, in sami abin da zan nuna mata in ce ga tsaro. Wata biyar ya ci.

Da na je Mararaban Rido da farkon damina, na tarar da Inna a wani ɗaki bayan shagon Yaya, dab da bakin titi. An yi mata komai, ga katifa sabuwa, ga abinci a rufe. Amma ta rame, ta zama 'yar mitsitsiya. Manyan motoci na wucewa ba dare ba rana, bango na girgiza. Ta ce, “Auta, a nan har kunnen ma ya makance.”

Na yi wa Yaya bayanin sabon injin tun daga farko har ƙarshe. Ta saurara, ta girgiza kai. Sai Inna ta ce a kawo mata buta da kwalba. Aka kawo. Ta riƙe su, ta jira har aka sami tsakani babu mota, sannan ta karkata kai ta fara zubawa. Muka yi tsit. Ta tsaya daidai wuya. Ta ce a kawo wata, aka kawo ta man gashi, siririya. Nan ma daidai wuya.

Yaya na hawaye ta ce, “Inna, wannan ruwa ne. In ya zuba, shanya za a yi. Ba zan iya ba. In wani abu ya same ki, me zan ce wa Allah?”

Na buɗe baki zan yi gardama, Inna ta ce, “Bar ta. Tsoro take ji, irin wanda ka ji.” Yayata ba muguwa ba ce, ku fahimce ni. Son uwarta take yi, kamar yadda ni ma son ta na yi na kai ta inda take.

Da zan tafi, Inna ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro tsohon famfon. Ashe da shi ta taho. Ta ce, “Mayar da shi inda ka ciro shi. Matar nan ta Fadan Kaje kuma, kwalbarta ta fi ta kowa ƙanƙanta, amma jikoki huɗu ke karatu da fitilarta. In ka cika mata, akwai gwangwanin madara a bayan tanki, ka ƙara mata a ciki. Injinka bai san wannan ba.”

Kafin damina ta fita Allah ya yi mata rasuwa. Ba ta yi wata doguwar jinya ba, zazzaɓin kwana uku ne. Ba ta sake taka Kafanchan ba.

Bayan an yi bakwai na dawo na buɗe rumfa, ranar kasuwa. Na riga na mayar da tsohon famfon, sabon injin kuwa na tura shi ƙarƙashin gado, ko sau ɗaya bai yi aiki ba. Matan suka zo suna yi mini gaisuwa, masu cewa Allah ya jiƙanta, masu cewa Ubangiji ya ba ta hutawa. Dattijuwar nan ta zo, ta ce, “Sannu da haƙuri, ɗana. Mama ya je gida.” Ta zare totuwar, ta kamo hannuna ta saka mini kwalbar a tsakiyar tafi, yadda ta saba yi wa Inna.

Na kafa mazurari, na ɗora hannu kan famfo. Sai rumfar ta yi tsit. Ba wanda ya ce a yi shiru, kuma duk sun san ni ina gani. Jiki ne ya saba. A cikin wannan shirun na ji abin da na yi shekaru ina zaune kusa da shi ban taɓa ji ba. Kwalba na da murya. Tana farawa da kauri daga ƙasa, tana sirancewa tana hawa, har ta kai wani wuri da take gaya maka ya isa. Ban ga wuyan kwalbar ba don hawaye, kunnena kuma bai iya ba. Kananzir ya tumbatsa ya jiƙa mini hannu. Dattijuwar ta sa hannu ta rufe famfon. Na lalubo gwangwanin madara a bayan tanki na cika mata.

Yanzu na manyanta a wannan sana'a. Na haɗa wa gidajen mai, na haɗa wa masu sayar da ruwa, har na koyar da wasu. Duk wanda ya yi aiki da ni ya san ina da wata ɗabi'a da ke ba mutane haushi: ba na taɓa tankin kowa sai na zauna na ga yadda mai shi ke yi da hannunsa, in tambaye shi, in sake tambaya. In na ga zare ko ƙulli a inda ban sa ba, ba na cirewa. Ba wata hikima ba ce, tabo ne.

Mutane sun sha ce mini ciwon ne ya ci idonta ba injina ba, kuma kwananta ne ya ƙare. Na sani, na kuma yarda da ƙaddara. Amma na san tana da rumfarta, da matanta da suka rufa mata asiri shekara biyu ba su haɗa jini da ita ba, ni ɗanta na zo na tona a rana ɗaya don kada a ce injina ya lalace. Wannan bai daina yi mini ciwo ba, kuma ba na jin zai daina.

Famfon yana nan a aljihun teburina. Wani lokaci in ina cika gora a gida, nakan ce wa yara su yi shiru, in rufe ido in gwada. Sama da shekara talatin ke nan, har yau ko dai in tsaya da wuri, ko ya zuba. Allah ya jiƙan Inna.